Alhajinmu ya ce aikin bayan labule ba sana'a ba ce

Tambaya

Assalamu alaikum, Malam. Ni saurayi ne, shekarata 24, a Ɗorayi nake zaune, kuma na yi difloma a fannin lantarki. Tun ina sakandare nake cikin ƙungiyar dirama, amma ban taɓa sha'awar fitowa gaban jama'a ba. Ni ne mai haɗa fitilu da lasifika, wani lokaci har da kafa bangon katako. In aka kashe wutar zaure na kunna tawa a kan fuskar ɗan wasa, wallahi babu abin da yake faranta min rai kamar wannan. Ina yawan kallon yadda gidajen wasan kwaikwayo na garuruwan Ingila suke aiki a YouTube, kowane sashe da ma'aikatansa, sai in ji nan ne wurina. To Alhajinmu yana da shago a Kantin Kwari, ya ce in zo in zauna, dirama ba sana'a ba ce, kuma shi ba zai yarda a riƙa kiran ɗansa ɗan dirama ba. Ga yarinyar da nake nema, manyanta sun fara tambayar me nake yi. Abin da ya ƙara kashe min jiki, wata ƙungiya ta sa na yi mata aikin wasa, har na karɓo hayar janareto da sunana, yau wata huɗu ba a sallame ni ba, mai janareto kuma ni yake bi. Don Allah akwai abinci a wannan hanya a Kano, ko in haƙura in koma shago?

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, akwai abinci, kuma na halal, sai dai ba ta inda kake hange zai zo ba. Gara in fara maka da abin da ba za ka so ji ba.

Irin gidajen da kake kallo a wayarka babu ko ɗaya a Kano. Ɗauki na birnin Birmingham, wanda aka buɗe tun 1913. Gini ne da aka keɓe musu, a cikinsa akwai wurin kafintoci, akwai ɗakin teloli, akwai ma'ajiyar kayan wasa, akwai ma'aikatan wuta da na sauti da suke karɓar albashi ko ana wasa ko ana shiri. Suna tsara wasannin shekara tun kafin ta kama, wannan yana sauka wancan yana hawa. Kuma kuɗin tikiti kaɗai bai riƙe su ba. Akwai hukumar da gwamnatin ƙasar take ba kuɗi don ta tallafa wa irin waɗannan gidaje, ga kuma masu hannu da shuni da suke ba da gudummawa. Duk da haka, ko a can ɗin, yawancin masu tsara haske da masu zana dandamali ba ma'aikatan dindindin ba ne. A kan wasa ɗaya ake ɗaukarsu, in an gama kowa ya nemi na gaba. A ƙasar nan kuwa, babban gidan wasa na ƙasa da ke Iganmu a Legas an gama shi a 1976 saboda FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya na 1977, kuma ya daɗe yana neman gyara kafin a waiwaye shi. Masu yin wasan dandamali a kai a kai su biya ma'aikata ba su da yawa: akwai Terra Kulture ta Bolanle Austen-Peters a Legas, akwai ƙungiyar da Patrick-Jude Oteh ya kafa a Jos, mai shirya bikin wasanni. Saboda haka in nufinka wani gida a Kano ya ɗauke ka aikin fitila ya riƙa ba ka albashi duk wata, Alhaji ya fi ka gaskiya.

Amma kada ka ɗauka Kanawa ne ba sa son wasa. Garin da yara suke cika lunguna da tashe daga goma ga azumi, garin da yake da Nalako sarkin gwagware, ba za a ce bai san kwaikwayo ba. Malam Aminu Kano da kansa ya rubuta wasanni, ya faɗi abin da ba ya faɗuwa kai tsaye ta bakin 'yan wasa. Marigayi Ɗan Masani, Alhaji Yusuf Maitama Sule, shi ma ya taka dandamali. A shekarun 1970 da 1980 ƙungiyoyin dirama sun cika unguwanni, suna wasa a makarantu da zauruka, daga nan rediyo da NTA da CTV, wadda yanzu ake kira ARTV, suka jawo su. Sai ga kaset ɗin bidiyo. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya, kowa ya ga hanya. Wasan da za ka yi wa 'yan ɗaruruwa a dare ɗaya, yanzu ka ɗauke shi sau ɗaya ya shiga gida-gida, har matan da ba sa fita kallo su gani a ɗakunansu. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin dalili ba ne, domin su ne babbar kasuwar. Daga nan 'yan wasa suka bi kyamara, masu fitila da masu ɗinki da masu kwalliya suka bi bayansu, zaure ya zama kango. Aikin bai mutu ba, warwatsuwa ya yi.

Shi ya sa wanda yake ci da wannan sana'a a Kano ba ya tsayawa a ƙofa ɗaya. Yau yana haska wasan ɗalibai a sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Bayero, gobe yana Gidan Ɗan Hausa ana nuna Koroso ga baƙi, jibi wata ƙungiyar faɗakarwa ta ɗauke shi ƙauye a yi wasa kan rigakafi ko karatun 'ya'ya mata. Akwai bikin raba kyaututtuka na makarantu, akwai yaye ɗalibai, akwai musabaƙa da saukar karatu da laccoci, waɗanda duk suna neman mai gyara sauti yadda na bayan zaure zai ji kamar na gaba. Akwai ɗakunan taro da suka yawaita a gari. Akwai gidajen talabijin, ga Arewa24 da ta fara aiki a 2014 ta buɗe ƙofar wasanni masu dogon zango, ga ofisoshin 'yan fim a titin Gidan Zu. Hannu ɗaya ne yake yin duk wannan aiki. Dandamali shi ne abin da ranka yake so, na sani, kuma ban ce ka bar shi ba. Sauran su ne za su riƙe ka har ka iya yi masa hidima.

Yanzu bari in tambaye ka abin da wasiƙarka ba ta faɗa ba: mai haɗa waya ne kai, ko mai tsara haske? Na farko ana biyansa kuɗin yini, in bai zo ba a kira wani. Na biyu da sunansa ake nemansa. Mai tsara haske yana karanta labarin kafin ya taɓa fitila. Yana zama da darakta ya tambaye shi: wannan fitowar da asuba ce ko da la'asar sakaliya? A tsakar gida ake ko a ɗakin amarya? Hunturu ne ko bazara? Hasken fitilar ƙwai daban, na farin wata daban, kuma ɗan kallo da ya tashi a Kano zai gane in ka haɗa su ko da bai iya faɗar abin da ya dame shi ba. Sannan akwai abin da bidiyon Turawa ba zai koya maka ba, domin ba irin jikinmu da suturarmu suke haskawa ba. Farar shadda mai sheƙi tana kwashe haske ta mayar wa ɗan kallo a ido, fuskar mai ita ta ɓace. Hula da rawani, in fitila ta sauko daga tsakar ka, suna jefa inuwa a kan idanu, alhali da ido ɗan wasa yake rabin maganarsa. Shuɗi ko kore tsagwaronsa yana kashe fuskar baƙin mutum, ta koma kamar toka. Maganin wannan sai ka yi ta gwaji: fitila biyu daga gaba, dama da hagu, kowace daga sama kaɗan ba can ƙololuwa ba, ta uku daga baya don ta raba mutum da bango. Ka sa ƙaninka ya sa babbar riga da hula ya tsaya maka a tsakar gida da daddare, ka yi ta matsar da fitila kana ɗaukar hoto kana rubutawa. Wanda ya ƙware a kan fuskokinmu da kayanmu yana da abin da ba a saya a kanti.

Diflomar nan taka kuwa babban jari ce, domin da yawa daga masu wannan aiki da ka suka koya, ba sa lissafi. Kai ka san wutarmu bolt 230 ce. Fitila mai wat 1000 tana jan amfiya huɗu da 'yan kai, soket ɗin bango mai amfiya 13 kuma iyakarsa wajen wat 3000, ke nan tsofaffin fitilu uku sun cinye shi. Ka san janareton da aka rubuta wa kVA 10 abin dogaro a cikinsa bai wuce kilowat 8 ba, kuma mai hankali ba ya kai shi maƙura. Fitilun LED sun sauƙaƙa wannan sosai, ba sa jan wuta kamar na da, ba sa gasa 'yan wasa a zafin watan Afrilu, amma sun zo da nasu karatun. Ka koyi DMX, tsarin sarrafa fitilun dandamali, wanda waya ɗaya take ɗaukar tashoshi 512, ka iya ba kowace fitila lambarta, ka iya sarrafa su daga kwamfuta. Akwai manhaja ta kyauta mai suna QLC+ da za ka fara da ita a gida. Ka raba layin sauti da na fitilu don kada lasifika ta yi ta gurnani, ka san inda za ka kafa ta don kada makirfo ya yi kuka, ka canja batir kafin kowane wasa ko da na jiya bai ƙare ba. In wasa ne mai muhimmanci, a fara shi a kan janareto tun farko. Jiran a ɗauke wuta sannan a ruga a tayar da inji ya ɓata wasanni masu kyau da yawa a garin nan.

Abu ɗaya a nan ba na sassauci a kansa. Duk fitilar da ka rataya a saman mutane ka ƙara mata sarƙa ta biyu. Duk wayar da ta bi ƙasa ka danne ta. Kada ka yarda da haɗin da babu wayar earth mai kare mutum daga jan wuta, kada fitila mai zafi ta kusanci labule, kada a kulle ƙofar fita saboda masu shigowa ba tikiti. In a fili ake kuma damina ce, ka ɗaga kayanka daga ƙasa ka tanadi rufi, in hadari ya taso ka kashe komai ko wane ne yake magana. Za a ce ka cika tsanani. Rayukan 'ya'yan mutane ne a ƙarƙashin abin da ka rataya.

Akwai wani aiki a bayan labule da nake so ka sa wa ido, domin shi ne ƙungiyoyinmu suka fi rasawa, wato manajan dandamali. Shi ne yake riƙe da kundin wasa. Tun ranar farko ta gwaji yana zaune kusa da darakta da fensir, yana rubuta ta inda kowa zai shigo, inda zai tsaya, abin da zai ɗauka, inda zai ajiye. Kowane canjin haske da kowace ƙara yana ba ta lamba a gefen layin da za ta faɗo. Shi ya san wanda ya zo da wanda ya makara, shi yake tsara lokaci yadda za a tsaya a yi Magariba ba a yanke fitowa a tsakiya ba, shi yake duba cewa takobin da za a zare a fitowa ta uku yana inda ya kamata. Ranar wasa darakta ya gama nasa, sai ya koma cikin 'yan kallo. Daga nan har a rufe labule, maganar manaja ake bi. Na ga ƙungiyoyi masu gwanayen 'yan wasa sun watse saboda babu mai yin wannan, kowa darakta, babu mai riƙe takarda. Mutum irinka, da ba ya neman a tafa masa kuma ya saba da lissafi, shi ya dace da wannan kujera. Kuma wanda ya iya ta zai iya tafiyar da kowane irin taro, daga na makaranta har na gwamnati, zai kuma iya aikin manajan shiri a wurin ɗaukar fim.

Sauran sassan ba zan daɗe a kansu ba tunda ba su ka tambaya ba, amma ka lura da wani abu. Duk abin da dandamali yake buƙata yana cikin kasuwannin garin nan. Katako da filawud a 'Yan Katako ta Na'ibawa, ƙarfe a Ƙofar Ruwa, waya da kayan wuta a Sabon Gari, gwanjo a Ƙofar Wambai in ana son tufafin da suka ga jiya, rini a marinar Ƙofar Mata, akushi da ƙwarya da linzami da takobi a Kurmi. Yadi kuwa, shadda da atamfa da leshi da na labule, ai a Kwari ake saye, ƙila ma a layinku. 'Yan mata da suke karanta wannan shafi su ma su ji: ɗinkin kayan wasa da kwalliyar da take mayar da yarinya tsohuwa ilimi ne, kuma ana neman masu shi. Telar da ta san bambancin ɗinkin zamanin Sarki Alu da na yau ba ta rasa aiki a wurin masu shirin tarihi.

Sai maganar kuɗinka. An zalunce ka, kuma hadisi ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. Amma ka fara da mai janareto. Da sunanka ka karɓa, kai yake bi, kuma yana da gaskiya. Ka je ka same shi da ƙafarka, ka faɗa masa yadda aka yi, ku yanka abin da za ka riƙa ba shi har ka gama, ko da kaɗan-kaɗan ne. A wannan sana'a masu ba da hayar kaya su ne gatanka, in sunanka ya ɓaci a wurinsu ka gama. Sannan ka rubuta abin da kake bin ƙungiyar dalla-dalla, ka ɗauki wani babba da suke jin kunyarsa, uban ƙungiya ko wani dattijo a harkar, ku zauna. In ba za su iya biya gaba ɗaya ba, a raba, a sa rana, a rubuta. In abin ya ƙi, akwai mai unguwa, akwai Hisba da take yin sulhu a irin wannan. Kada ka kai su Facebook. Zuciyarka za ta yi sanyi na yini ɗaya, amma duk mai shirin ba ka aiki zai karanta ya ja baya.

Daga yau kuma kada ka ɗaga ko fitila ɗaya sai an ba ka kafin alƙalami, aƙalla abin da zai biya hayar kaya da mai da mota. Hayar manyan kaya kuwa mai taro ne zai karɓa da sunansa, kai ka raka shi ka zaɓa. Ka rubuta yarjejeniya ko da a saƙon waya ne: aiki kaza, rana kaza, kuɗi kaza, cikon kafin a fara wasa. Kada kunya ta hana ka. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. In za ka yanka farashi ka lissafa komai, har kuɗin a-daidaita-sahu da abincin yaran da za su taya ka da yinin da za ka ɓata wajen kwance kaya, sannan ka ɗora ladanka a kai. Yawancin samari ladan nasu suke mantawa, saboda daɗin an kira su. Kuma ka san aikin yana da kaka yana da rani. Bayan salla da ƙarshen zangon makarantu ba ka da lokacin kanka, cikin azumi da tsakiyar damina waya ta yi shiru. Ka shiga adashi a lokacin samu.

Ka duba abin da na lissafa yanzu: yanka farashi, rubuta bashi, sanin wanda za a ba kaya da wanda ba za a ba ba, tanadi don ranar da babu ciniki. A ina ake koyon wannan in ba a Kwari ba? Abin da ya kayar da kai a aikin nan na wata huɗu ba rashin iya fitila ba ne, rashin sanin kasuwa ne, kuma malamin wannan fanni yana gidanku. Don haka ni ban goyi bayan ka ƙi shago ba, ban kuma goyi bayan ka binne abin da Allah ya hore maka ba. Kasuwa da safe take ci, gwajin wasa da taruka yawanci da yamma ne ko ƙarshen mako. Ka roƙi Alhaji ya bar ka ka riƙa zama daga safe zuwa Azahar ko La'asar, ranar da kake da aiki ka sanar da shi tun da wuri. Abin da ka tara ka sayi fitilu biyu, sai huɗu, sai ƙaramar miksa ta haɗa sauti, ka fara ba da haya kana bin kayanka da kanka. Wannan yare ne da Alhaji yake ji: jari, kaya, riba.

Kada kuma ka raina tsoronsa. Ba fitila yake ƙi ba. Yana tsoron dawowar dare, yana tsoron cuɗanyar da ba ta da iyaka, yana tsoron ka kai shekara talatin ba ka da ko kwabo, yana tsoron abin da za a faɗa masa a masallacin unguwa. Wasu daga cikin abubuwan nan ya gani da idonsa a kan 'ya'yan wasu. Nuna masa bidiyon Ingila ba zai amsa ko ɗaya daga ciki ba. Ka sami wanda yake jin maganarsa, kawunka ko amininsa na kasuwa, ka fara yi masa bayani shi, sannan ku je tare. Ka durƙusa ka faɗi sharuɗɗan da ka ɗora wa kanka tun kafin ya ɗora maka: salla a kan lokaci, ƙarfe kaza kana gida, irin taron da ba za ka karɓa ba komai kuɗinsa. Ka roƙi shekara ɗaya, da alkawarin za ka riƙe littafi ka nuna masa abin da ya shigo da abin da ya fita. In ka sami aikin musabaƙa ko na wata makaranta, ka gayyace shi ya zo tun ana kafa kaya, ya gan ka da awo da takarda kana ba yara umarni, sannan ya zauna a baya ya ji karatu yana isowa tar. In shekara ta cika littafin bai nuna komai ba, ka cika alkawari ka koma shago gaba ɗaya, dandamali ya zama na ƙarshen mako. Mutanen da suka kafa diramar garin nan da yawansu malaman makaranta ne da ma'aikata da 'yan kasuwa, da yamma suke haɗuwa, kuma abin da suka yi bai zama ƙarami ba saboda haka. In kuma Alhaji ya ƙi sam duk da wannan, kada ka yi masa tawaye. Ka zauna shago da zuciya ɗaya, ka ci gaba da koyo, ka sake ɗaga maganar in ya ga riƙon amanarka.

Game da ƙarin karatu, ga sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Bayero a kusa da kai, ka shiga ka tambayi ƙa'idar shiga da diflomarka, ka kuma nemi a bar ka ka taya ɗalibai aiki a wasanninsu na jarrabawa. Ka sami rana ka je Zariya ka ga dandalin wasa na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, wanda aka gina da ƙasa a tsakiyar shekarun 1970 a kan fasalin gidan Bahaushe. Duk mai son wannan aiki ya kamata ya tsaya a cikinsa ya ga cewa ba sai an kwaikwayi ginin Turai ake samun dandamali ba. A Jos akwai makarantar koyon aikin fim ta ƙasa da kwalejin talabijin ta NTA. Amma kafin duk wannan ka nemi ubangida, wanda ya daɗe yana haska taro ko shiri, ka ɗaukar masa kaya, ka naɗe masa waya, ka kalli yadda yake magana da masu taro. In za ka shiga aikin fim, ka yi rajista da ƙungiyar masu sana'ar da kuma Hukumar Tace Fina-finai ta jiha, wadda aka kafa a 2001, don kada a tsayar da aiki a same ka ba takarda. Duk aikin da ka yi ka ɗauki hotonsa ka adana, da sunan taron da ranar, domin shi za ka nuna wa mai ba da aiki na gaba.

Su kuma manyan yarinyar, gaskiya za a faɗa musu, domin za su yi bincike, kuma a Kano ba a ɓoye sana'a. Wakilinka ya ce kana zama a shagon mahaifinka a Kwari, kuma kai ma'aikacin lantarki ne mai haɗa haske da sauti a taruka da wasannin kwaikwayo. Kada a cire na ƙarshen don a burge su, in suka ji daga baya a bakin wani ya fi muni. Ita ma ka zaunar da ita ka faɗa mata akwai watan samu akwai watan shiru, akwai ranar da za ka kai dare a wurin kwance kaya. Kada ka bari a sa rana sai ka gama da mai janareto kuma littafinka ya nuna abin da zai riƙe cefane na wata da watanni. In sun ce za su jira, alhamdu lillahi. In sun ce sai mai albashi, ka karɓa da mutunci, kada ka yi musu alkawarin da ba ka da ikon cikawa. Allah ya yi maka zaɓi mafi alheri, ya sa Alhaji ya yi alfahari da kai. Ka rubuto min in kun zauna da shi.